Kyanwa da Mushen da Take Kawowa Gida

Akwai wani ɗan ƙaramin al'amari wanda duk gidan da ke da kyanwa ya san shi, amma ba safai ake zama a yi magana a kansa ba. Da asuba uwargida takan fito shara, sai ta tarar da mushen ɓera a bakin ƙofar ɗaki, ko a gindin murhu, wani lokaci ma a kan tabarmar da yara suka kwana, kyanwa kuwa tana can gefe tana lasar jikinta kamar ba ita ta aikata ba. Abin da yakan biyo baya sananne ne. Yaro ya ce, "Inna, mage ta kawo ɓera." Ita kuwa hannunta yana cikin aiki, sai ta ce, "Kama wutsiyarsa ka jefa bayan danga." Yaro ya kama, ya jefa, ya goge hannu a riga, ya dawo ya zauna ya karɓi ƙoƙon kununsa. Duk wannan bai ɗauki minti ɗaya ba. Manufar wannan jawabi ita ce a nuna wa jama'a cewa haɗarin yana cikin wannan minti ɗaya, kuma kawar da shi ba ya bukatar kuɗi mai yawa, ba ya kuma bukatar a kori kyanwa daga gida.

An ɗauki garin Agwada, cikin Ƙaramar Hukumar Kokona ta Jihar Nasarawa, a yankin Keffi, domin misali. Ƙasa ce ta noma, inda ake samun doya da rogo da masara da dawa da gyaɗa da riɗi. Da kaka amfanin gona yakan taso daga daji ya shigo gida, a cika rumbuna, a jibge buhuna a ɗaki, a shanya alabo a kan dutse ko a bakin hanya. Da hunturu ya kankama kuma sai a shiga ƙunar daji. Ɓeran da ya yi damina yana ƙoshi a gona, da ya ga abinci ya ƙaura, wuta kuma ta cinye masa mafaka, sai ya bi sawun hatsi zuwa cikin gari. A wannan lokaci ne kyanwa ta fi samun farauta, a lokacin ne kuma mushe ya fi yawa a tsakar gida. Abin da aka faɗa game da Agwada ya shafi kowane ƙauye mai rumbu a ƙasar nan, har da unguwannin birane masu kwata da juji.

Dalilin da ya sa take kawowa

Kyanwa, wadda wasu ke kira mage, wasu mussa, asalinta daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ne. Dubban shekaru da suka wuce, da mutane suka fara tara hatsi, ɓera ya zo wa hatsi, ita kuma ta zo wa ɓera, daga nan zama ya haɗa ta da ɗan Adam. Mutanen Misira na dā sun girmama ta ƙwarai saboda tsaron rumbu. Ashe ke nan farauta ita ce sana'ar da aka ɗauke ta aiki dominta tun farko, ba wata mugun hali ba ce da ta koya daga baya.

Kyanwa takan kama abu a inda take jin tsoron kare ko shaho ko wata kyanwar za su ƙwace mata, sai ta ɗauko shi zuwa wurin da ta fi amincewa da shi, watau gidan da take kwana. Mai 'ya'ya kuwa takan kawo musu mushe da farko, in sun ɗan tasa ta riƙa kawo mai sauran rai, domin su koyi kamu. Ƙoshi ba ya hana ta, gama abin da ke motsa ta ga kamu dabam yake da yunwa. Shi ya sa sau da yawa takan kashe ta ajiye ba ta ci ba. Jaɓa ma ko da yunwa ba safai take cin ta ba saboda warinta, sai ta kashe ta yar a hanya.

Don haka dūkan kyanwa a kan mushe aikin banza ne. Ba ta haɗa bulalar da aka yi mata da safe da ɓeran da ta kama da tsakar dare. Abin da za ta koya kawai shi ne tsoron masu gida, sa'an nan ta koma ɓoye mushen a ƙarƙashin gado ko bayan randa, inda ba za a gan shi ba sai wari ya tashi. Masu cewa kuma kyanwar da ta ajiye mushe a bakin ƙofa aike ce ta maƙiya, ya kamata su sake tunani, domin an sha kashe dabba mai amfani a kan wannan zato, wani lokaci har a ɓata da maƙwabci, ɓera kuwa ya samu sarari.

Wani bincike da aka yi a Jihar Jojiya ta Amurka, aka buga a shekarar 2013, ya ƙara haske a nan. An rataya wa kyanwoyi 'yan ƙananan na'urorin ɗaukar hoto a wuya, aka bi yawonsu. Aka tarar abin da suke kawowa gida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suke kashewa ba; kusan rabi a can inda suka kashe suke barinsa, saura su cinye. Maigidan da ya ga mushe ɗaya a ƙofarsa, to, ya sani akwai wasu a bayan rumbu da cikin ciyawa, kuma ɓeraye masu rai sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Mushen nan labari ne kyanwa ta kawo, cewa ɓera ya yi kusa da abinci.

Ɓera da zazzaɓin Lasa

Babban abin tsoro a jikin ɓera a ƙasar nan shi ne zazzaɓin Lasa. Sunan ya samo asali daga garin Lassa, wanda ke cikin Jihar Borno a yau. A watan Janairu na shekarar 1969 wata nas ta asibitin mishan a garin, mai suna Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi wanda ya gagari magani. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, ta rasu a can. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan ƙaramin yanka a yatsa lokacin da take share wa maras lafiyar baki. Ba a daɗe ba ita ma ta kwanta, ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka, ta sha da ƙyar, kuma a Jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar. Da shekara ta kewayo, a farkon 1970, cutar ta sake ɓulla a Jos, likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta rasu. A wancan zamani Jos da Keffi da Agwada duk a jiha ɗaya suke, watau Jihar Binuwai da Filato. Abin lura a wannan tarihi shi ne ƙanƙantar ƙofar da cutar ta bi ta shiga: ɗan yanka a yatsa. Hannun manomi da na yaron ƙauye kuwa ba sa rabuwa da ƙujewa da tsagewa, balle da hunturu.

A shekarar 1972, lokacin wata annoba a ƙasar Saliyo, masu bincike suka kama dabbobi iri iri a gidajen marasa lafiya, suka tarar da ƙwayar a jikin wani ɓera wanda masana ke kira Mastomis. Ana gane macensa da yawan nonuwa, jeri biyu tun daga ƙirji har mara, sukan kai 24, tana kuma iya haifar 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya. Ba babba ba ne kamar gafiya, daidai bakin kyanwa yake, yana zama a gona, yana kuma shiga ɗaki. Ƙwayar ba ta kwantar da shi. Yana yawo lafiya lau yana zubar da ita cikin fitsari da kashi a kan hatsi da kwanuka da ƙasan ɗaki. Tana kuma cikin jininsa da sauran ruwan jikinsa. A shekarar 2016 aka buga binciken da ya nuna an sami ƙwayar a wasu irin ɓeraye guda biyu kuma, a Nijeriya da Gini. Saboda haka ba aikin maigida ba ne ya tsaya juya mushe yana ƙirga nono don ya san ko mai cutar ne. Kowane mushen ɓera a ɗauke shi a matsayin mai cuta.

Kyanwa ta kama ɓera, ta huda shi da haƙori, ta ja shi a ƙasa, ta ajiye shi inda ake girki ko inda jariri ke rarrafe. Mutuwar ɓera ba ta kashe ƙwayar nan take. Jinin da ya ɗiga, da fitsarin da ya saki lokacin da aka danne shi, suna nan a wurin bayan an jefar da gawar. Wanda ya taɓa da hannu mai rauni, ko ya taɓa ya kai hannu baki ko ido ko hanci, ko ya share wurin da busasshiyar tsintsiya ƙura ta tashi ya shaƙa, ya buɗe wa cuta hanya.

Ba a faɗi wannan don a firgita jama'a ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa nuna wata alama mai tsanani, kuma in an haɗa duka, wajen mutum 1 cikin 100 ke mutuwa. Amma cikin waɗanda ciwon ya kai su kwanciya asibiti, kimanin 15 cikin 100 ba sa tashi. Cikin waɗanda suka warke, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sukan sami kurumta, wasu ji ya dawo bayan wata ɗaya zuwa uku, wasu kuwa shi ke nan. Mace mai tsohon ciki ita ta fi kowa shiga haɗari: a watanni uku na ƙarshe, fiye da 80 cikin 100 sukan rasa cikin, ko uwar ta rasu, ko duka biyu. A shekarar 2018 an tabbatar da fiye da mutum 600 sun kamu a ƙasar nan, a 2020 kuma fiye da 1,000. Jihohin Edo da Ondo da Bauchi su suka fi yawan masu kamuwa, amma Nasarawa da Filato da Binuwai da Taraba duk sun sha ganin cutar, kuma ta fi tashi daga Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da aka ambata na shigowar ɓera gari.

Yadda za a kawar da mushe

Aikin na babba ne. Kada a aiki yaro, kada kuma mace mai ciki ta yi shi in akwai wani a gida. Da farko a janye yara da kaji daga wurin, a kori kyanwa da lalama ko a ja hankalinta da ɗan abinci. Kada a yi kokawar ƙwace abu daga bakinta, domin nan ne cizo da yakushi ke faruwa. In ɓeran yana da sauran rai, a kife masa bokiti ko a gama da shi da sanda mai tsawo, ba da ƙafa ko hannu ba.

Sa'an nan a jiƙa mushen da kewayensa da ruwan bilic. Irin wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin 100 a jikin robarsa, wanda shi ya fi yawa a kasuwa, a zuba awo ɗaya a cikin awo shida na ruwa. A haɗa sabo kowace rana, domin in ya kwana ƙarfinsa yana raguwa, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki. A bar shi ya jiƙa kamar minti biyar zuwa goma. Inda babu bilic, a yi amfani da ruwan omo mai kumfa sosai. Bai kai bilic ba, amma ya fi busasshiyar tsintsiya nesa. Jiƙawar tana da amfani biyu: tana kashe ƙwayar cuta, tana kuma hana ƙura tashi.

Mai ɗauka ya sa safar hannu ta roba in yana da ita. In babu, leda biyu marasa huji sun wadatar: ya zura hannu ciki, ya kama mushen, ya juyo ledar a kansa ta rufe shi, ya ƙulle, ya sake jefawa cikin wata ledar. Ko kuma ya kwashe da shebur ko fartanya, in ƙasa ce ya haɗa da ƙasar da jini ya taɓa. Daga nan sai a ƙone shi ƙurmus, ko a binne a rami mai zurfin ƙafa biyu ko fiye, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a danne da dutse don kada kare ko alade ya tone. Jefawa bayan danga ba kawarwa ba ce. An dai matsar da shi ne zuwa inda kaji ke tono, yara ke wasa, inda kuma ita kyanwar za ta iya sake ɗauko shi kafin azahar.

Bayan haka a goge wurin da tsumma mai ruwan bilic, a wanke shebur, tabarma in ta ɓaci a wanke ta a shanya a rana. Abincin da mushe ya taɓa, ko wanda aka tarar da kashin ɓera a ciki, a zubar da shi a ramin nan. Hasarar mudu ɗaya na gari ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Daga ƙarshe a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu, wani ya zuba daga buta, har zuwa gwiwar hannu. A hana kyanwa takawa a wurin sai ya bushe, domin takan lashe ƙafa. Magungunan goge ƙasa masu ƙamshin asibiti, waɗanda ke mai da ruwa fari kamar madara, guba ne ga kyanwa, gara a guje su a inda take kwana.

Akwai kuma wata al'ada da ya wajaba a ambata ko da ba ta da daɗin ji. A wurare da dama samari sukan fita farautar ɓera da gafiya bayan ƙunar daji, wani lokaci kuma abin da kyanwa ko kare ya kamo yakan ƙare a kan wuta. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, gaskiya ne, amma kafin a kai ga wuta an kama, an feɗe, jini ya taɓa hannu da wuƙa. A nan ake kamuwa.

Kyanwa ko shinkafar ɓera

Gidaje da yawa suna ajiye kyanwa, suna kuma zuba shinkafar ɓera a lokaci guda. Wannan kuskure ne. Wasu magungunan suna aiki ne ta hanyar tsinka jini, ɓera ya ci ya yi kwana uku zuwa biyar yana yawo a galabaice kafin ya mutu. Irin wannan ɓera shi ya fi sauƙin kamu, kyanwa ta ci ɗaya yau, ɗaya gobe, gubar ta taru a jikinta. Wani kuma baƙin gari ne mai kisa nan da nan, wanda in kyanwa ta cinye ɓera da hanjinsa yakan iya kashe ta. Ga kaji, ga yara masu kai kome baki. Gidan da ke da kyanwa ya dogara ga tarko, a ɗana shi a lungun da ita da yara ba sa kaiwa, a kawar da abin da ya kama kamar yadda aka bayyana. In kyanwa ta fara kasala, dasashinta ya yi fari, ko jini ya fito mata ta hanci ko cikin kashi, a kai ta wurin likitan dabbobi a gaya masa irin maganin da aka zuba. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida, amma ta jera shi ne tare da adana hatsi a mazubi wanda ɓera ba ya iya shiga, da kai shara nesa da gida, da tsabtace ɗaki. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar Suwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini, aka buga a 2017, ya nuna ɓera ya fi jin tsoron cin abinci a gidajen da ke da kyanwa da kare tare. Inda kyanwa ce kaɗai bambancin bai taka kara ya karya ba. Kyanwa ɗaya ba ta iya gama da dabbar da ke haihuwa goma goma. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tuwon da aka bari ya kwana ba murfi, da kwanukan da ba a wanke ba, da buhun masara a ƙasa jingine da bango, da alabon da ya kwana a shanya, su ne ke gayyato shi. A sa hatsi a duro mai murfi, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a toshe ramuka da siminti ko laka da tsakuwa, a nome ciyawar da ke kewaye da gida, a rufe randa.

Tsuntsu, jemage da jaɓa

Ba ɓera kaɗai kyanwa ke kawowa ba. Ƙadangare da tsaka ba su da babban haɗari in an kawar da su da leda an wanke hannu, sai dai sukan sa wa kyanwa tsutsar ciki. Tsuntsu kuwa sai an lura. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma tun 2004 an ga kyanwoyi sun mutu a ƙasar Tailan bayan sun ci tsuntsaye masu cutar. In kaji ko tsuntsaye suna mutuwa da yawa a unguwa, a tsare kyanwa a gida, kada a jefa mata mushen kaza, a kuma sanar da malamin dabbobi.

Jemage da jaɓa suna da nasu. Akwai ƙwayoyin cuta 'yan uwan na haukan kare waɗanda aka fara ganowa a ƙasar nan: ɗaya a jikin jemage a Legas a 1956, ɗaya a jikin jaɓa a unguwar Mokola ta Ibadan a 1968, kuma ta biyun an same ta daga baya a jikin kyanwoyi a kudancin Afirka. Jemagen da ya faɗo ƙasa har kyanwa ta iya kama shi, sau da yawa ba lafiya gare shi ba. Kyanwa kanta tana kamuwa da ciwon haukan kare, don haka a yi mata allurar rigakafi tun tana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Duk wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa har fata ta fashe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare in alamunsa sun bayyana ba a warkewa.

Sai kuma 'yan tsaki, waɗanda su ne suka fi haddasa faɗa tsakanin maƙwabta. Mafi yawan ɓarnar ta muzurai ce marasa gida. Maganinta akurki mai ƙofa da kife 'yan tsaki da kwando har su yi ƙwari, da kuma daina kai 'ya'yan kyanwa bayan gari a zubar, domin waɗanda suka rayu su ne muzuran baɗi. Wanda ba ya son ƙari ya kai kyanwarsa likitan dabbobi ya yi mata aikin hana haihuwa.

Kula da ita kanta kyanwar

Kyanwar da ke cin ɗanyen ɓera da tsuntsu takan ɗauki wata ƙwaya mai suna toksoplasma, ta yi sati ɗaya zuwa uku tana zubar da ƙwanta cikin kashi. Ga yawancin mutane ba ta yin kome, amma in mace ta kamu da ita karo na farko tana da ciki, tana iya jawo ɓari ko lahani ga ido da ƙwaƙwalwar jariri. Ƙwan ba ya zama mai cutarwa sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa, saboda haka kwashe kashin kullum yana rage haɗarin ƙwarai. Mai ciki ta bar wa wani wannan aiki, ta wanke hannu bayan aikin lambu, ta wanke ganye, ta dafa nama ya nuna. A rufe tarin yashin da yara ke wasa a kai, domin kyanwa tana son sa. A riƙa ba ta maganin tsutsa daga wurin likitan dabbobi. Maganin ƙuma da kaska na kare ko na shanu kuwa kada a shafa mata, wasunsu suna kashe kyanwa.

A ƙasashen Turai, inda damuwarsu ita ce kare tsuntsayen daji, sukan rataya wa kyanwa ƙararrawa. Ga manomin Agwada wannan ba dabara ba ce, gama ya ajiye ta ne domin kamu. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba wurin aikinta da wurin kwanan mutane. Da dare, lokacin da ta fi farauta, a bar ta a tsakar gida da wajen rumbu, a rufe ɗakin kwana da madafa, a toshe ƙasan ƙofa da tagar da take bi. A ware mata kwano da wurin cin abinci a wani lungu nesa da murhu. Sau da yawa can za ta riƙa kai abin da ta kama, sai a san inda za a duba kowace safiya kafin yara su fito. Masu hana ta abinci wai don ta fi kamu suna cutar kansu, domin kyanwa mai yunwa takan tafi yawo nesa, ta koma satar kifi da 'yan tsaki. Masu binciken Jami'ar Exeter a Ingila sun buga a 2021 cewa abinci mai yawan nama ya rage abin da kyanwoyi ke kawowa gida da kashi 36 cikin 100, wasa da su na minti biyar zuwa goma kullum kuma ya rage da kashi 25. Mazauna birni waɗanda suka ajiye kyanwa don sha'awa za su amfana da wannan. A ƙauye, kan kifi da ragowar nama dafaffe sun isa su riƙe ta a gida.

In zazzaɓi ya biyo baya

Zazzaɓin Lasa yakan bayyana cikin sati uku daga ranar kamuwa. Yana farawa kamar zazzaɓin cizon sauro ko taifot: zafin jiki, kasala, ciwon kai, sa'an nan ciwon maƙogwaro, ciwon ƙirji, amai da gudawa. In ya tsananta fuska takan kumbura, jini ya fito ta baki ko hanci ko wata kafa. Kada a jira ganin jini, domin da yawa ba sa zubar da shi, kuma wanda ya kai nan ya yi nisa. Duk zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan kwana biyu ko uku ana shan maganin cizon sauro, a bar zaryar kemis a tafi asibiti, a gaya wa ma'aikacin lafiya a fili cewa an taɓa mushen ɓera ko ana fama da ɓera a gida, da ranar da abin ya faru. Wannan bayani shi zai sa a ɗauki jini a aika gwaji, ya kuma sa ma'aikatan su kare kansu. Ana jinyar cutar da ƙarin ruwa da kula da ƙoda da wani magani mai suna ribabirin, kuma wanda aka fara wa jinya da wuri shi ya fi samun tashi. A shekarar 2024 an shiga mataki na biyu na gwajin wata allurar rigakafi a ƙasar nan, amma gwaji ne, ba a kai ga raba ta ga jama'a ba.

Cutar tana bi daga mutum zuwa mutum ta jini da amai da fitsari da sauran ruwan jiki. Mai jinya a gida ya sa leda ko safar hannu, a ware wa maras lafiya kwano da ƙoƙo, a jiƙa tufafinsa da ruwan bilic kafin wanki. In wanda ake zargi ya rasu, a jira ma'aikatan lafiya kafin a yi wanka da sutura.

Mutanen Agwada da kewaye su fara da ɗakin shan magani mafi kusa, ko su sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a Garaku. Akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi. Daga ko'ina cikin ƙasar nan ana iya kiran Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya, watau NCDC, a lamba 6232, kiran kuma kyauta ne.